Zagayen Tsohon Birnin Istanbul da Ƙafa: Wane Irin Jagora Ya Dace da Kai?

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke zuwa Istanbul sari ne ke kai su. A zaga unguwannin sari irin su Laleli, Merter da Osmanbey, a ɗaure kaya a miƙa wa masu kago, sai a tarar saura kwana ɗaya ko biyu jirgi ya tashi. A nan ne tunanin ganin gari ke zuwa. Abin daɗin shi ne daga Laleli tasha uku ce kacal a jirgin taram mai lamba T1 ka sauka a Sultanahmet, tsakiyar tsohon birnin da ke ɓangaren Turai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1985. Ayasofya, Masallacin Sultan Ahmed, fadar Topkapi da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta Yerebatan duk suna kusa da juna. Tsakanin Ayasofya da masallacin tafiyar minti biyar ce a cikin lambu. Mota ba ta da wani amfani a nan, ƙafa ce sarki.

Matsalar ita ce da zarar ka buɗe intanet ko ka tambayi mai otal, sai tayi ya yi maka yawa: wannan ya ce kyauta, wancan ya ce babu bin layi, wani ya ce har da abincin rana. Zaɓin gaskiya guda biyar ne, kuma kafin a shiga cikinsu gara a san da me za a auna su.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi, amma kuɗin duka, ba wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. A Istanbul tikitin shiga ya kan fi kuɗin jagora nauyi. Tun watan Janairun 2024 baƙo mai ziyara yana biyan Yuro 25 kafin ya hau benen Ayasofya. Topkapi ta fi haka tsada, Yerebatan ma ba arha ba ce. In ka haɗa ukun za ka kashe wajen Yuro 100 ko fiye a kan mutum ɗaya tun ba a yi maganar jagora ba, kuma farashin da ake karɓa da Lira yana hawa a kai a kai saboda faɗuwar darajar kuɗin. Don haka duk tallan da bai faɗi ƙarara ko akwai tikiti a ciki ba, ka ɗauka babu.

Na biyu, abin da zai zauna maka a kai bayan ka koma gida. Hoto kowa zai ɗauka. Amma mutum na iya tsayawa ƙarƙashin ƙubbar Ayasofya, mai tsayin kusan mita 55, bai san an kammala ginin a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justinian ba, bai san ya yi shekara sama da 900 yana majami'a kafin Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin ranar 29 ga Mayun 1453 ba, balle ya san an mai da shi gidan tarihi a shekarun 1930 sannan ya koma masallaci a Yulin 2020. Wannan bayanin ne ainihin abin da kake saye.

Na uku sauƙi: yawan tafiya, zafin rana, harshen da za a yi maka bayani da shi, da kuma ko tsarin zai ba ka damar yin salla a kan lokaci. Na huɗu haɗari, wato yiwuwar a ɓata maka yini, a kai ka shagon da ba ka nema ba, ko kuɗinka ya maƙale in shirinka ya canza.

Akwai wani abu da ya shafi dukkan zaɓin. A Turkiyya aikin jagoran masu yawon buɗe ido sana'a ce mai doka tun 2012. Jagora na gaskiya yana rataye da katin shaidarsa a wuya, da hotonsa da harsunan da aka ba shi izinin aiki da su. Wanda ya tare ka a filin Sultanahmet da fara'a ba kati a ƙirjinsa, ko da Larabcinsa ya yi daɗi, ba jagora ba ne.

Zagayen da ake kira na kyauta

Ana yin rajista a shafuka irin su GuruWalk, a haɗu a wani wuri sananne, sau da yawa kusa da Famfon Jamus da ke bakin filin sukuwar Rumawa, jagora riƙe da laima ko tuta. Tafiyar awa biyu zuwa uku ce. Ba a biyan komai tun farko, sai an gama kowa ya ba da abin da ya ga dama. Abin da aka saba bayarwa Yuro 10 zuwa 20 ne. Kada kalmar kyauta ta ruɗe ka: jagoran da tukwicin nan yake rayuwa, kuma galibi shi ma yana biyan masu shafin wani abu a kan kowane mutum da ya zo. Wanda ya sulale bai ba da ko sisi ba, ya sa bawan Allah asara ne.

Alherinsa shi ne jagoran ya san cewa cinikinsa na bakinsa, don haka yakan dage. Za ka ji labarin dogon dutsen Fir'auna Thutmose na Uku da aka ɗauko daga Masar aka kafa a filin a shekarar 390, za ka gane ina ne gabas ina ne yamma, za a nuna maka inda ake cin abinci ba tare da an yanke ka ba. Aibinsa kuwa, kusan komai daga waje ake kallonsa. Ba a shiga Topkapi, ba a sauka Yerebatan. Taron na iya kai mutum 20 ko fiye, wanda ke baya ba ya jin rabin abin da ake faɗa. Yawancinsu da Ingilishi ko Sifaniyanci ake yi. Kuma da yake tukwici ake nema, wani jagoran yakan fi karkata ga labaran ban dariya da tsegumin matan fada fiye da tarihin da aka tabbatar.

Haɗarin kuɗi kusan babu, tunda ba ka biya komai ba. In ruwa ya tsuge ka fasa.

Ƙaramar tawaga mai biya

Wannan shi ne wanda ya fi yawa a shafukan GetYourGuide da Viator: mutum 8 zuwa 15, rabin yini ko yini guda, jagora mai lasisi, wani lokaci da ɗan abin sauraro da ake maƙalawa a kunne don ka ji shi ko kana nesa. Kuɗin jagorancin kaɗai yakan kama daga wajen Yuro 25 zuwa 60, in an haɗa da tikiti kuma ya haura 100 cikin sauƙi.

A ganina nan ne kuɗi ya fi biyan kansa, musamman saboda Topkapi. Fadar ba gini ɗaya ba ce, farfajiya huɗu ce jere da juna, sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun zauna a cikinta daga ƙarni na 15 har suka koma fadar Dolmabahce a 1856. Wanda ya shiga shi kaɗai yakan ƙarar da ƙarfinsa a ɗakunan girki yana kallon tangaran ɗin Sin, ya iso ɗakin amanoni masu tsarki ƙafa ta riga ta mutu, layi kuma ya miƙe. Alhali ga mafi yawanmu wannan ɗakin ne dalilin zuwan. A nan aka ajiye mayafi da takubban da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wasu kayan sahabbai, waɗanda Sultan Salim na Ɗaya ya fara tarowa bayan ya ci Masar a 1517. Akwai alaramma zaune a gefe yana karatun Alƙur'ani, ana karɓa-karɓa ba a yankewa. Jagoran da ya san aikinsa zai kai ku can da sassafe kafin manyan tawagogi su iso, sannan a dawo wajen baitulmali a ga lu'ulu'un nan mai karat 86.

Maganar "babu bin layi" tana buƙatar fassara. Layi biyu ne: na sayen tikiti da na binciken tsaro. Jagora zai tsallakar da kai na farko, na biyun kuwa kowa sai ya bi. A Ayasofya lokacin bazara na biyun ne mai tsawo.

Tambayoyi uku kafin ka biya. Tikiti na ciki? Jagoran zai shiga tare da mu ne, ko zai yi bayani a bakin ƙofa ya sake mu? Wannan ta fi muhimmanci a Ayasofya, domin tun sauyin 2024 an kawo tsarin sauraron bayani ta waya, kuma tawagogi da yawa a waje suke gama maganarsu. Ta uku, mutum nawa ne iyaka? "Ƙaramar tawaga" da babu adadi a rubuce tana iya zama mutum 30.

Rauninsa agogo ne. Tawaga ba ta jiran kowa. In azahar ta yi kuna tsakiyar fada, sai dai ka nemi izini ka ɓalle, ka kuma san inda za ka same su. Yawancin shafukan suna maido da kuɗi in ka fasa awa 24 kafin lokaci, amma ka karanta, ba duka ba. Kuma biya da kati ake yi, katin naira kuwa ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, sai a tanadi na dala ko a nemi wanda ke karɓar kuɗi a hannu.

Jagora naka kai kaɗai

Ka ɗauki mutum na yini, shi da kai da iyalinka. Ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ta Turkiyya tana yanke mafi ƙarancin ladan jagora kowace shekara, don haka farashin ba ya sauka ƙasa sosai. A yi lissafin daga Yuro 100 zuwa sama, ƙwararru su ninka haka, tikiti kuma daban. Ga mutum ɗaya tsada ce. Amma kuɗin na yini ne ba na kai ba, don haka in ku biyar ne ko shida, in aka raba sai ya zo daidai da na tawaga, wani lokaci ma ƙasa.

Abin da ake samu a nan iko ne. Kai za ka ce a fara da ina. Ana kiran salla ku shiga masallaci ku bi jam'i, jagora ya jira. In da Hajiya ko Baba mai ciwon gwiwa, a bar benen Ayasofya, wanda ake hawansa ta wata doguwar hanyar dutse mai lanƙwasa, a zauna a sha shayi a lambun Gulhane. Harshe ma a nan ake zaɓa: mutumin Yamai ko Damagaram ko Garwa ya nemi mai Faransanci, malamin da ya fi sakewa da Larabci ya nemi mai Larabci. Masu Larabcin sukan fi ba da ƙarfi a ɓangaren tarihin Musulunci, su taƙaita na Rumawa, wannan kuma ya danganta da abin da kake so.

Shi ne kuma kaɗai zai iya fitar da kai daga hanyar da kowa ke bi. Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, yana kan tudu bayan Babbar Kasuwa (Grand Bazaar). Ni dai na fi ganin kyansa a kan na Sultan Ahmed, ga sarari, ga ƙarancin cunkoso, ga teku shimfiɗe a ƙasa in ka tsaya a farfajiyar baya. Tawagogin rabin yini ba su cika zuwa can ba. Haka kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, wajen ganuwar birni, wanda ke buƙatar abin hawa.

Haɗarin shi ne ka ɗora yininka duka a kan mutum ɗaya. In ya kasance mai gajen haƙuri ne ko mai hadda, ba inda za ka gudu. Ka karanta abin da waɗanda suka riga ka suka rubuta a kansa, ka kuma faɗa masa tun farko, a rubuce, cewa ba ka son a kai ka shago.

Kai da wayarka

Ka sauke manhajar bayani ko ka karɓi na'urar sauraro a ƙofa, ka sayi katin Istanbulkart na shiga taram, ka kama hanya. Kuɗin bayanin ɗan kaɗan ne ko ma babu, tikiti kawai za ka biya.

Ga Musulmi wannan zaɓin yana da wata riba da ba a cika faɗa a tallace-tallace ba. Masallatan nan masallatai ne masu aiki. Lokacin salla ana dakatar da masu ziyara, mai salla kuwa ya yi alwala ya shiga ba ko kwabo. Wato daidai lokacin da tawagogi ke tsaye a waje suna duba agogo, kai kana ciki a sahu. A Masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya shida, wanda aka gina tsakanin 1609 da 1617, in an sallame kana iya zama ka ɗaga kai ka kalli tayil ɗin Iznik sama da 20,000 da suka sa ake ce masa Shuɗin Masallaci. A Ayasofya ma ƙasan na masu salla ne, daga nan za ka ga manyan faya-fayen nan takwas masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Abin da Yuro 25 ke saya maka shi ne bene da zane-zanen Rumawa na ƙananan duwatsu masu ruwan zinare. Sai dai a shiga da niyyar sallar, ba a fake da ita a yi ta ɗaukar bidiyo a gaban mutane ba.

Rauninsa, ba wanda za ka yi wa tambaya. Waya ba ta sanin cewa ka juya wa abin da take bayani baya. Layin tikiti naka ne, caji na iya ƙarewa, kuma kai ne abin farautar 'yan damfara. Salonsu sananne ne. Wani zai ce maka masallaci a rufe yake, zo ka sha shayi a shagon ɗan'uwana kafin a buɗe, shagon kuwa na darduma ne. Mai goge takalmi zai yar da buroshinsa a gabanka, ka tsinta ka miƙa masa, ya ce sai ya goge maka don godiya, ya gama ya yanka kuɗi. A taram kuma a riƙe aljihu, musamman tsakanin tashoshin Eminonu da Beyazit. Wanda ya sayi katin gidajen tarihi na kwanaki ya sani ba ya aiki a Ayasofya, ba ya aiki a Yerebatan.

Yini guda a bas, har da abinci

Wannan shi ne wanda masu otal suka fi tallatawa, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Farashinsa na da kyau a ido domin wani wuri ake cike giɓin: a tsaya a shagon fata, a tsaya a na darduma, a tsaya a na alawa, kowanne da la'adarsa. Awa guda za ta tafi wajen kwasar mutane otal-otal, a cikin unguwar da ƙafa ta fi mota sauri. Amfaninsa ɗaya, ana ɗaukar ka daga ƙofa a maido ka ƙofa. Ɗan kasuwar da ya yini yana taya kaya a Laleli ba ya buƙatar wani ya koya masa sayayya.

| Zaɓi | Kuɗin jagora | Shiga ciki | Damar salla da hutu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Na tukwici | Yuro 10 zuwa 20 | Kusan babu | Kaɗan | Taro da yawa, bayani sama-sama |
| Ƙaramar tawaga | Wajen Yuro 25 zuwa 60 | Akwai | Kaɗan | Tikiti ba ya ciki, gaggawa |
| Jagora naka | Yuro 100 zuwa sama, na yini | Inda ka zaɓa | Cikakkiya | Dacewa da mara ƙwarewa |
| Kai da waya | Kaɗan ko babu | Inda ka biya | Cikakkiya | Layi, 'yan damfara |
| Bas na yini | Matsakaici | Wasu wurare | Kaɗan | Ɓata lokaci a shaguna |

Ranar ma tana cikin lissafi

Kowane ka zaɓa, duba kalanda tukuna. Topkapi a rufe take ranar Talata. Babbar Kasuwa, mai layuka 61 da shaguna wajen 4,000, ba ta buɗewa ranar Lahadi. Ranar Juma'a ba a barin masu ziyara su shiga Masallacin Sultan Ahmed sai an sauko, don haka tawagar safiyar Juma'a daga waje za ta gan shi. Wasu kamfanonin in wuri a rufe yake sai su musanya da wani ba su rage kuɗi ba. Yuli da Agusta akwai zafi mai ɗanɗano da cunkoso, sai a fito tun ƙarfe 8 na safe, a ajiye Yerebatan da ginshiƙanta 336 zuwa tsakar rana tunda ƙarƙashin ƙasa take da sanyi. Disamba zuwa Fabrairu ruwa ne da iska, rana kuma na faɗuwa da wuri. Titunan na dutse ne, silifas zai ba ka wahala, a sa takalmi mai laushi wanda ke da sauƙin cirewa a ƙofar masallaci.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗan kasuwa mai rabin yini kacal, shi kaɗai ko su biyu: ƙaramar tawaga ta safe wadda ta haɗa da Topkapi, tikiti a ciki, sannan ya yi azahar a Ayasofya ko Sultan Ahmed da kansa.

Iyali ko abokan tafiya daga mutum huɗu zuwa sama, ko duk tafiyar da ke da dattijo ko ƙananan yara: jagora nasu, a raba kuɗin. Haka wanda Ingilishi bai zauna masa ba.

Ɗalibi ko mai ɗan ƙaramin guzuri da ke da kwana biyu ko uku: ya bi na tukwici ranar farko don ya san gari, ya ba da abin da ya dace, washegari ya koma shi da wayarsa ya biya tikiti ɗaya, na Topkapi.

Wanda ziyarar masallatai da Abu Ayyub ce ta kawo shi, tarihin Rumawa bai dame shi ba: ba ya buƙatar tawaga ko kaɗan. Katin taram da jadawalin lokutan salla sun ishe shi.

Mai son tarihi da gaske, wanda zai yi ta tambaya: jagora nasa na yini guda, ya kuma tura masa jerin abin da yake son gani tun kafin ranar, ya sa Sulaimaniyya a ciki. Bas kuwa a bar wa wanda ba ya iya doguwar tafiya kuma kuɗin jagora na kansa ya fi ƙarfinsa, shi ma ya tambayi shago nawa za a tsaya kafin ya biya.